Hoton jirgina ya fito dishi-dishi, ga yarona ya nace sai ya bi ni

Baban Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai buƙata ta kawo ni. Jiya da yamma na tsaya a fili bakin dogo inda ba shinge sama da awa ɗaya ina jiran jirgin ƙasa na kaya, ya zo da tarago sun kai arba'in, rana ta yi sanyi hasken ya yi kyau sosai, na yi ta dannawa, da na dawo gida na buɗe a kwamfuta sai na tarar kan jirgin duk ya yi dishi-dishi, lambar goshinsa ma ba ta karantuwa, amma bishiyoyin baya da sandar sigina tar suke kamar ka kai hannu ka taɓa. A oto na bar kyamarar. Ita ce ta samu matsala ko akwai abin da ban saita ba?

Na biyu kuma shi ya fi tsaya min a rai. Ɗana shekararsa 7, tunda ya ga hotunan da nake kawowa ya hana ni sakat, kullum Baba yaushe za ka je da ni. Mamansa ta ce sam, ba za a kai mata yaro bakin dogo ba. Ni kuma ina so ya gani da idonsa don ni ma haka babana ya yi min. Ku ba ni shawara don Allah.

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam, barka da zuwa ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta lau. Tunda bishiya ta fito tar jirgi ya yi dishi-dishi, to saurin shata ne, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗewa ya ɗauki hoto. Da yamma in haske ya ragu oto sai ta rage saurin don ta tara haske, ita ba ta san abin da ke gabanta yana gudu ba. Duba bayanan hoton, na tabbata za ka ga 1/125 na daƙiƙa ko ƙasa da haka.

Bari in yi maka lissafin ka gani. Jirgin da ke kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In shatarka ta buɗe na 1/125 to jirgin ya matsa kusan santimita 13 kafin ta rufe, ina lamba za ta karantu? Amma a 1/1000 bai kai santimita 2 ba. Ka murɗa maɓallin kyamarar zuwa S, ko Tv in Canon ce, inda kai ke zaɓar saurin shata, ka sa 1/1000, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ta hau da kanta. Gara hoto mai ɗan tsakitsaki da hoton da ya watse, tsakitsaki ana rage shi a kwamfuta, watsewa kuwa ba ta da magani.

Baban Khalil:
Na duba yanzu, 1/100 ne. Kai na gode Yaya, ashe abin a fili yake.

Mai Kyamara:
Yauwa. Sai kuma fokas, ka sa shi a wanda ke bin abu mai motsi, AF-C, a Canon AI Servo suke ce masa. Wani abu kuma da ke cin mutane shi ne fitilar goshin jirgi, in ta dallaro cikin gilashi kyamara sai ta ɗauka duniya ta yi haske ta dusashe komai. Ni kafin jirgi ya iso nake auna hasken a kan tsakuwar dogo in kulle shi, in ya zo ba ruwana da fitilarsa.

Zancen yaro kuma na bar wa manya, ni nawa ba su kai ba tukuna.

Tsohon Direba:
Baban Khalil, ni zancen yaron zan yi, hoto ba fannina ba ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi a kan inji kafin in ajiye aiki, kuma ina gaya maka matarka ba ta yi laifi ba, tsoronta a kan hanya yake.

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne direba yana ganinka tun daga nesa amma ba abin da zai iya yi maka. Mota kana iya kauce wa mutum, jirgi ba sitiyari. Birki kuma ƙarfe ne a kan ƙarfe, inda kowace ƙafa ke taɓa dogo bai fi faɗin ƙaramin kwabo ba, shi ya sa inji ɗaya ke iya jan dubban tan, shi ya sa kuma tsayawa ke wuya. Jirgin kaya cike da lodi yana gudun kilomita 90 a awa zai iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya bayan ka zuba birkin gaggawa. Ka auna wannan nisan da ƙafarka wata rana.

Akwai ranar da ba na mantawa, na fito daga kwana sai ga mutum a tsakiyar layi ya durƙusa da kyamara, yaro a tsaye a bayansa riƙe da jaka. Na danna oda na zuba birki, hannuna a kan oda har ya yi tsami. Uban ya ja yaron suka faɗa gefe, na wuce su ina jin zuciyata a maƙogwaro. Allah ya kiyaye ba abin da ya same su, amma ni na yi sati ba na barcin kirki. Shi a ganinsa ta cikin zum jirgin na nesa, bai san zum na ruɗin ido ba.

Saboda haka ba na ce kada ka je da shi ba. Cewa nake inda za ka tsaya shi ne magana.

Maman Nana:
Allah ya saka da alheri Baba, jikina har ya yi sanyi.

Baban Khalil bari in yi maka magana a matsayina na uwa kuma mai son jirgi, don ni ma babana ne ya sa min son abin tun ina ƙarama, yanzu ni ce ke jan maigidana da yara zuwa tasha ba shi ke jana ba. Ina ganin abin da maman Khalil ke tsoro ba jirgin ba ne kaɗai, kai ne. Kada ka ji haushi. Ta san in ka sa ido a kyamara ka bar duniyar nan, kuma gaskiya ne dukkanmu haka muke, daƙiƙa goman da jirgi ke wucewa ba wanda ke ganin abin da ke gefensa. To a daƙiƙa goman nan wa ke riƙe da yaro? Wannan tambayar za ka amsa mata, ba wai ka yi ta cewa ai ba komai ba.

Mu yadda muke yi, in da yara, mutum ɗaya ne ke hoto ɗaya na riƙe da hannu. In ni kaɗai ce da su to kyamara na cikin jaka, kallo kawai za mu yi.

Baban Khalil:
Anti wallahi kamar kina gidan, kusan abin da ta faɗa kenan, ta ce in jirgi ya taho ko sunana aka kira ba na ji.

Injiniya:
Ni dai a ra'ayina shekara 7 ya yi ƙanƙanta. Ku yi haƙuri. Yaro a wannan shekarun in hularsa ta faɗi bin ta zai yi ba tare da tunani ba. Ka bari ya kai goma ko sha ɗaya. A halin yanzu ka nuna masa bidiyo, ka saya masa na wasa mai zagaye, ya ishe shi.

Maman Nana:
Malam Injiniya ban yarda ba. Tawa tana da shekara 5 na fara kai ta. Ba bakin dogo a daji ba, cikin tasha, a kan dakalin fasinja, bayan layin da aka ja a ƙasa, inda ma'aikata ke kai da kawowa. Yaron da aka koya wa tun yana ƙarami cewa ga inda ake tsayawa ga inda ba a ƙetarewa ya fi wanda aka ɓoye wa har ya girma ya je da abokansa ba babba a wurin. Ai son abin ya riga ya shige shi, ba za ka cire ba.

Injiniya:
Tasha daban, na yarda da wannan. Ni abin da na hango shi ne irin wurin da ya ce ya tsaya jiya, fili ba shinge. Kuma mutane na mantawa jikin jirgi ya fi dogo faɗi, yana fitowa kusan mita ɗaya ta kowane gefe, ga igiya ko waya da kan kwance daga taragon kaya tana lilo. Ka tsaya kana ganin ai ba ka kan layi, alhali kana cikin hanyarsa.

Tsohon Direba:
Gaskiyar Injiniya a nan. In ƙara da ɗaya, kada kowa ya dogara da kunnensa. Mu da muka taso da tsohon dogo mai gaɓa-gaɓa mun saba da ƙarar nan ta kaca-kacam kaca-kacam tun jirgi na nesa, wannan ƙafa ce ke dukan tsagar da aka bari tsakanin dogo da dogo saboda ƙarfe na miƙewa in ya ji zafi. Sabbin layuka an yi musu walda sun zama ɗaya, ba tsaga, jirgi sai ya zo dab da kai kafin ka ji, musamman na lantarki. Inda layi biyu ne kuma, ƙarar wanda kake kallo tana rufe ta wanda ke tahowa ta bayanka. Wannan shi ya fi cin masu hoto.

Ɗan Tururi:
Baba ka tuna min, wallahi wannan kaca-kacam ɗin ita ce rabin daɗin jirgi a wurina. Ni fa har yau ban ga abin da ya kai injin tururi kyau a hoto ba. Dizal akwati ne kawai mai fenti, na lantarki kuma shiru kamar ba rai, amma na tururi komai nasa a waje yake, kana ganin sandunan ƙafa na kai da komo, hayaƙi na tashi, tururi na fita ta gefe, in da safe ne da sanyi sai farin tururin ya tsaya a sama kamar gajimare. Ku dubi Mallard, ranar 3 ga Yuli 1938 ya yi mil 126 a awa a Ingila, wajen kilomita 203 kenan, da kwal da ruwa da mutum ɗaya yana zuba kwal da shebur, har yau ba injin tururin da ya karya wannan. Yana nan a gidan tarihin jiragen ƙasa na York, shuɗi, burina a duniya in tsaya a gabansa.

Auta:
Yaya Ɗan Tururi kullum sai ka kawo Mallard 😄 jirgin TGV na Faransa fa ya yi kilomita 574.8 a awa a 2007

Ɗan Tururi:
Na sani ƙanina, ba na raina shi, amma na gwaji ne da aka shirya musamman, an ƙara ƙarfin wuta an sa manyan ƙafafu an rage tarago. Kuma ni ba gudun ne ya dame ni ba, abin da ido ke gani ne. Ka nemi hotunan O. Winston Link, Ba'amurke ne, daga 1955 zuwa 1960 ya bi layin Norfolk and Western yana ɗaukar injinan tururi na ƙarshe kafin dizal ya maye gurbinsu, kuma yawanci da dare, sai ya jera kwan filasha masu yawa ya haɗa su da waya su tashi lokaci ɗaya. Abin da ya sa nake son aikinsa shi ne ba jirgi kaɗai yake ɗauka ba, za ka ga mutane na harkarsu, yara na wasa a ruwa, tsofaffi na zaune a ƙofar gida, jirgi na wucewa a bayansu. Rayuwar da ke gefen dogo ya ɗauka.

Tsohon Direba:
Shi da izinin kamfanin ya yi, direbobin sun san da zuwansa. Kada wani ya karanta wannan ya je ya haska wa direba filasha a fuska da dare. Idon da ya saba da duhu in ka dallare shi sai ya yi daƙiƙu bai ga sigina ba.

Kuma Ɗan Tururi kada ka raina dizal. Cikin akwatin nan da kake faɗa tashar wuta ce guda, injin ba ƙafa yake juyawa kai tsaye ba, janareta yake juyawa, wutar ta tafi motocin da ke jikin gatarin ƙafafu. In kana hawan tudu da lodi damina ta jiƙa dogo, ƙafa na son zamewa kana watsa yashi a gabanta kana sauraron inji da jikinka gaba ɗaya, ba wanda zai ce maka abin nan ba rai.

Ɗan Tururi:
Na karɓa Baba, wanda ya zauna a ciki ya fi ni sani.

Auta:
Ni tambayata daban ce, ba ni da kyamara da waya nake ɗauka. Me ya sa in ina cikin jirgi na ɗauki waje sai sandunan wuta su fito a karkace kamar za su faɗi, in kuma jirgi ya gifta ta gabana tagoginsa su zama a gicciye?

Mai Kyamara:
Ba wayarka ce kaɗai ba Auta. Ita waya ba ta ɗaukar hoton gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi take karantawa daga wannan gefe zuwa wancan, to kafin ta kai layin ƙarshe abin ya riga ya matsa, shi ne karkatar. Ba za ka kawar da ita duka ba amma in ka daina ɗaukar jirgi ta gefe sosai ka tsaya inda yake tahowa ta kusurwa, kana ganin goshi da tsawon jiki tare, motsin da ke gifta idon wayar ya ragu sai abin ya yi sauƙi. Dama wannan tsayuwar ita ce ta asali wajen masu hoton jirgi, rana a bayanka, goshi da gefe duk sun samu haske. Kuma ka danna ka riƙe ta yi ta ɗauka a jere, cikin ashirin za ka samu ɗaya.

In kuma kana son gwada abu mai daɗi, akwai bin jirgi da kyamara. Ka rage shata zuwa 1/30 ko 1/60, ka kafa ƙafafunka, ka juya daga ƙugu kana bin kan jirgin daidai gudunsa, ka danna kana cikin juyawar kada ka tsaya. Jirgi ya fito tar baya ya zama zane-zane. Wato kishiyar abin da ya samu Baban Khalil kenan. Sai an ɓata da yawa kafin hannu ya faɗa, ni da motocin titi na koya.

Auta:
Zan gwada gobe in sha Allah. Wayata na da wurin da ake saita shata da hannu ban taɓa shiga ba.

Injiniya:
Auta in layin da kake zuwa na lantarki ne ka bar sandar selfi a gida. Wayar wutar da ke saman layin nan a yawancin sabbin layuka volt 25,000 ce, kuma ba sai ka taɓa ta ba, in ƙarfe ya matso kusa wuta na iya tsallakowa. Haka hawa kan taragon da aka ajiye don a samu hoto daga sama, kada ma a fara.

Baban Khalil:
Ina ta karantawa ina rubutawa a takarda. Maganar Ɗan Tururi ta mutane a cikin hoto ta taɓa ni, bari in gaya muku dalili. Babana Allah ya jiƙansa ma'aikacin dogo ne, cikin masu bin layi a ƙafa suna duba kusoshi da ƙwanƙwasa ƙarfe. Hoto ɗaya tak muke da shi nasa a bakin aiki, baƙi da fari, ya tsaya da doguwar gudumarsa a kafaɗa, a bayansa akwai inji amma rabinsa kawai ya shiga kuma shi ma dishi-dishi. In da a nan na sa shi da kun ce an yanke kan jirgi, ba a saita ba. Amma duk hotunan da na ɗauka, sun fi dubu uku a kwamfuta, ba wanda zan ba da wannan a kansa. Jiya da dare na zauna ina duba nawa, jirgi jirgi jirgi, ba fuskar mutum ko ɗaya. Ba Khalil ba mamansa ba kowa. Abin ya dame ni.

Maman Nana:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ka ga wannan da ka faɗa, ita za ka gaya wa maman Khalil, ka nuna mata hoton. Kuma ka gayyace ta ku tafi tare, kada ka ce ki ba ni shi. Wataƙila ita ma abin da ke ranta ba tsoro ne kaɗai ba, duk ranar hutu ka saɓa jaka ka fice ka bar ta da yara har dare, dole ta ga jirgin nan kamar kishiya. Ni na san wannan ta ɗaya gefen, akwai lokacin da maigidana ya zaunar da ni ya ce yara na tambaya ina Mama, daga ranar na mayar da fita ta kaɗaici sau ɗaya a wata, sauran ko mu tafi tare ko in zauna.

Mai Kyamara:
Amin. Ni kam a nan zan ɗan bambanta, hoton jirgi zalla shi ma yana da amfaninsa, shekara ashirin nan gaba wani zai zo yana neman yadda injin kaza yake da wane fenti da wace lamba, hotonka ne zai ba shi amsa. Injinan da muke gani kullum muna ganin ba komai ba ne su ne gobe za a yanka a sayar da ƙarfensu. Don haka kada ka raina dubu ukunka. Ka dai ƙara da mutane.

Tsohon Direba:
Allah ya jiƙan mahaifinka. Masu bin layi su ne idonmu, ni ina gudu da dare a kan amanar mutumin da ya taka wurin da rana ya ƙwanƙwasa ya ji ƙarar ƙarfen daidai take. Da yawansu ban san sunansu ba, hannu kawai muke ɗaga wa juna. Ka gaya wa Khalil aikin kakansa kenan.

Ga yadda zan so ka yi. Ka kai shi tasha, ka fara gaida shugaban tasha ko wanda ke bakin aiki ka ce ga abin da ya kawo ku, ka tambaya ko an yarda da ɗaukar hoto don wasu wuraren ba a yarda ba, in an ce a'a to a'a ne. Ka ba yaron aiki, yaro in ba shi da aiki shi ne yake yawo. Ka ce ya ƙirga tarago, ko ya rubuta lambar inji a littafi. In kuma jirgi ya tsaya ka nuna masa ƙafar daga inda kuke, ya lura ba a miƙe take ba, ta ciki ta fi kauri ta waje ta fi siranta, wannan ɗan gangaren shi ke dawo da jirgi tsakiyar layi da kansa kuma shi ke taimaka masa shan kwana, leɓen ƙafar na nan ne don ko-ta-kwana. Yara na son irin wannan.

Auta:
Baba ni ma ban san wannan ba wallahi, na ɗauka leɓen ne ke riƙe shi koyaushe

Injiniya:
Tunda an zo ƙirga tarago, ka nuna masa bidiyon jirgin tama na Muritaniya, daga Zuwerat zuwa Nuwadibu a bakin teku, layin kilomita 704 cikin Sahara, jirgi ɗaya kan wuce kilomita biyu a tsawo, tarago wajen ɗari biyu. In ya ƙirga wannan ya gama to ya cancanci zuwa tasha. Na janye maganar shekara goma, da sharaɗin tasha ce kuma da babba na biyu.

Wani abin da za ka iya koya masa da ido shi ne faɗin layi. Wanda ya fi yawa a duniya milimita 1,435 ne, tun zamanin George Stephenson, injiniyan jirgin ƙasa na Ingila. Tsofaffin layukan Najeriya da Ghana da Afirka ta Kudu 1,067 ne, haka ma yawancin na Japan, shi ya sa da za su yi Shinkansen, jirginsu mai tsananin gudu, tsakanin Tokyo da Osaka a 1964 sai suka shimfiɗa sabon layi mai 1,435 daban. Rasha 1,520, Indiya 1,676. Inda tsoho da sabo ke kusa da juna yaro da kansa zai ga bambancin.

Ɗan Tururi:
Ka manta na Hijaz da Turkawa suka gina daga Dimashƙ ya isa Madina a 1908, shi 1,050 ne. Tsohuwar tashar na nan a Madina an mayar da ita gidan tarihi. Yanzu kuma ga na Haramain tun 2018 yana kilomita 300 a awa tsakanin Makka da Madina. Gari ɗaya, tasha biyu, shekara 110 a tsakani, ina son in ga wanda zai haɗa hotunan biyun a bango ɗaya.

Mai Kyamara:
A 300 kuwa mita 83 yake ci a daƙiƙa, can 1/1000 ma ba ta isa ba in ta gefe ne, sai 1/2000 zuwa sama.

Baban Khalil:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Zan yi magana da ita yau da dare, duk yadda ta kasance zan dawo in faɗa muku.

Baban Khalil:
Salam, na dawo kamar yadda na yi alkawari. Mun je tasha jiya mu uku, ƙaramar mun bar ta wajen kakarta. Na nuna mata hoton Baba kamar yadda Anti ta ce, ta daɗe tana kallo, ta ce ita ba ta taɓa lura da gudumar ba, sai ta ce to za ta je amma ita za ta riƙe shi ba ni ba.

Mun gaida ma'aikacin da ke wurin ya ce ba damuwa in dai ba mu wuce layin dakali ba. Mun yi kusan minti arba'in muna jira, nan na ji tsoron kada yaron ya gaji ya ce a tafi, amma littafin da Baba Direba ya ce a ba shi ya yi aiki, ya zana sigina ya zana agogon tasha ya rubuta lokaci. Da jirgin kayan ya danno ya yi oda sai ya ƙanƙame mamansa da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana nuni yana ƙirgawa da ƙarfi, direban ya ɗago masa hannu ta taga, wallahi har muka kwanta zancen kenan, direba ya gaishe ni direba ya gaishe ni.

Na sa 1/1000 Yaya Mai Kyamara, lambar ta fito tar har ƙurar da ke jikinta ana gani. Amma bayan hoto uku na goshin sai na ja da baya na ɗauke su su biyu ta baya, ita ta dafa kafaɗarsa tarago na wucewa a gabansu. Shi zan wanke in sa kusa da na Baba.

Mun yi musu a hanya, shi ya ce tarago 43 ni na ce 42. Da muka dawo ashe mamansa ta ɗauki bidiyo da wayarta ban ma sani ba, muka zauna mu uku muka ƙirga a hankali. 43 ne.

Tsohon Direba:
Madalla. Ka ce masa in ji ni ya rubuta 43 ɗin a littafin, da kwanan wata da lambar injin a gefe.